Turmin Hawa Mota

Da damina hanyar gonarmu ta bayan Zakirai takan koma kwatami, shi ya sa yayana ya kai tsohuwar jif ɗinsa wurin makanike aka ɗaga ta. Aka sa mata dogayen sifirin da manyan tayoyi, ta dawo gida tana rangaji kamar raƙumi.

Ranar da za a kai Inna, mahaifiyarmu, wani suna, ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Ta tattare zane ta sake gwadawa, ta koma gefe tana haki.

"Kai, wannan mota ce ko rumbu?" in ji ta.

Aka kawo kujera 'yar tsugunno, ta yi gajarta. Sai aka mirgino turmin daka aka kife shi. Inna ta taka kujera, ta taka turmi, ta shige. To, ai a can ma sai ta sauka, don haka aka jefa turmi a bayan mota.

Gaskiya motar ba ta ƙara kafewa a laka ba. Mu ne muka kafe. Duk ranar da Inna ta fita unguwa, in ka tambayi matar yayana fura, sai ta ce, "Yi haƙuri, turmi ya tafi biki."