Yaushe Mai Ɗakin Zai Dawo?

Kakata Habsu ba ta yarda da sabuwar riga ba. In maza suka dawo daga ci-rani gab da faɗuwar damina, kowa na sheƙi cikin shadda, wani da rediyo a kafaɗa, ita sai ta kama hannun mutum kamar mai yi masa barka, ta juya tafin, ta shafa da babban yatsa. Ba ta cewa komai a kan abin da ta ji. Ta saki hannun, ta ce, "Sannu da hanya," ta koma ga aikinta. Babana ma, ɗanta na cikinta, bai tsira ba. Shi Ibadan yake zuwa kowane rani, kuma duk unguwarmu a Matameye an san yana da shago a can.

Lokacin tatsuniya a gidanmu shi ne bayan girbi, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, maza suka fara ɗaure kayan tafiya. In an yi sallar lisha, Kaka kan hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da ɓawon gyaɗa, ta jibge mana gyaɗar ɓara a tabarma. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ya tsaya. Tana magana tana bin bakunanmu da ido, don ta san rabin gyaɗar ba ta isa ƙwarya. Ni take wa laƙabi da maigida, kuma ni ta fi zargi. "Maigida, buɗe bakin nan in gani," in ji ta. In na buɗe babu komai, sai ta ce, "To, ka riga ka haɗiye."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne." Tana da su da yawa, amma akwai guda da ba ta taɓa bari shekara ta wuce ba ta yi ba, kuma kullum gab da tafiyar maza take yin ta, lokacin da Baba ke zaune can gefe a bakin turakarsa yana ɗinkin jaka ko gyaran takalmi.

Wai ƙadangare ne ya tafi birni neman arziki. Ya aiko gida cewa Allah ya buɗa masa, ya yi gida mai faɗin ƙofa. Uwarsa ta ce sai ta je ta gani. Da labari ya iso masa, ga shi a tsagar bango yake kwana, sai ya ruga wurin damo ya roƙi aron raminsa na kwanaki. Damo ya ce, "Zan je ƙauye gaisuwa, amma kada in dawo in tarar da baƙi." Uwa ta iso, ɗa ya tarbe ta, ya shimfiɗa mata. Ta dubi ƙofa ta ce, "Ɗana, ƙofar nan ta yi maka yawa." Ya ce ai don baƙi ya faɗaɗa. Ta dubi ƙasa ta ga sawun jan wutsiya mai kauri kamar taɓarya, ta ce, "Wannan fa, taka ce?" Ya ce da damina ya yi ƙiba. Da dare ta ce ya ɗauko mata ruwa, ya yi ta karo da bango yana neman inda randa take.

A nan Kaka kan sassauta murya. Wai da gari ya waye uwar ta ce, "Ni zan koma, kada rana ta yi mini. Gidan naka ne dai ko?" Ƙadangare ya kasa magana, sai ya gyaɗa kai. Ta sake tambaya, ya sake gyaɗawa. Shi ya sa har yau in ka ga ƙadangare a kan katanga yana ta gyaɗa kai ba wanda ya tambaye shi komai, amsar uwarsa yake bayarwa. Da ta isa gida dangi suka taru, "Yaya kika same shi?" Ta ce, "Na ga ƙofa mai faɗi." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

"Nan ta ƙare," in ji Kaka, "wanda bai yarda ba ya bi sawunta." Mu yi ta dariya, muna gyaɗa wa juna kai. Wata rana ƙanwata ta tambaya, "Kaka, uwar ta gane?" Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ke dai ɓare gyaɗarki."

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe a lekol, wato makarantar boko. Na ci gaba da karatu a Damagaram, na zama mushe, wato malamin makaranta, na koyar a ƙauyuka. Daga baya wani abokina ya yi mini hanya a wata makarantar kuɗi a Ibadan da ke neman mai koyar da Faransanci. Suka ba ni ɗaki ciki da falo a gidajen malamai, da kujeru da firigo da famfo a tsakar gida. Na yi ta ba mutanen gida labari ta waya. Inna kan yi hamdala. Baba kuwa, wanda ciwon baya ya riga ya raba shi da ci-rani, "To" kawai yake cewa.

Ya ce zai zo bayan Sallah. Sai ga shi tun kafin azumi, ba sanarwa. Na dawo daga aji na same shi tsaye a bakin ƙofar gidajen da jakarsa, yana magana da mai gadi cikin Yarabanci. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ai da ka faɗa na tarbe ka a tasha." Ya ce, "Na san hanya." Muna tafiya ya ce, "Na ce masa Lawali nake nema, ya ce bai san wani Lawali ba." Na bayyana masa cewa a nan ba a kiran sunana, Oga Faransa suke ce mini. Ya ce, "Haka ne?"

A ƙofar ɗaki ya miƙo hannu na ba shi makulli, shi ya buɗe, yana kallona ta gefen ido. Na nuna masa kujera, ya ce tabarma ta fi masa. Na ba shi ruwa mai sanyi, ya sha, ya tashi da kansa ya wanke kofin ya mayar daidai inda na ɗauko shi. Jakarsa ya jingine ta bayan ƙofa, bai kwance ba, ko da yake ina jin ƙanshin ƙuli-ƙulin Inna daga ciki. Da na shiga dafa abinci ya biyo ni ya tsaya, ya ce, "Ina gishiri?" Na miƙa hannu na ɗauko. "Ina kake ajiye allura?" Wannan sai da na yi 'yar lalube, kuma na ga ya lura.

Washegari ya gano takalman. Wani malami ɗan Kwatano da aka sauya wa wurin aiki ya bar mini akwatinsa da takalmansa ajiya a ƙarƙashin gado, shi kuwa ƙato ne. Na shigo na tarar Baba ya jera ɗaya kusa da nawa yana kallo. Na faɗa masa gaskiyar yadda aka yi. Ya saurara har ƙarshe, ya mayar da takalmin a hankali, ya ce, "Madalla da mutumin kirki." Daga nan in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya miƙe zumbur ya gyara tabarma. Fitila ma ba ya son a kunna ta, wai kada a ƙona wa mutane kuran, wutar lantarkinsu.

Na kai shi makaranta don ya gani da idonsa. Ya tsaya a taga, yara suka miƙe suka gaishe ni, na yi darasi har aka kaɗa ƙararrawa. A hanyar gida ya ce yaran suna da ladabi. Sai kuma ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, ko shi ɗan Kwatanon ma Faransanci yake koyarwa. Da muka zauna cin tuwo ya kalle ni ya ce, "Lawali, ni ba baƙo ba ne a wurinka. Kada ka jawo wa kanka magana saboda ni. Yaushe mai ɗakin zai dawo?"

Abin ya yi mini ciwo. Na ce, "Wallahi Baba ɗakina ne." Ya ce, "Ban ce ka rantse ba."

Daga ranar ni ma na fara kallonsa da wani ido. Ina ya san wannan duka? Wa ya koya masa cewa mai aron ɗaki ba ya sanin wurin allura? Ga shi kuma tun zuwansa nake cewa mu je Sabo, unguwar Hausawa, ya nuna mini inda shagonsa yake, kullum da dalilinsa: yau bayansa, gobe rana, jibi ai an rushe layin. Mutumin da ya ci rani a garin nan tun kafin a haife ni, bai nemi ya gaida ko mutum guda ba. Muka zama muna zaune ɗaki ɗaya, muna shan shayi, kowa na auna ɗan'uwansa.

Shayin ne ma ya raba gardamar. Wata safiyar Asabar maƙwabciyata Mama Tunde, matar malamin lissafi, ta buga ƙofa kamar za ta ɓalle ta. Baba ya miƙe, har ya kai hannu ga jakarsa. Ina buɗewa ta hau ni da faɗa, rabi Turanci rabi Yarabanci: wai na sake toshe kwata da ganyen shayi da tokar gawayi, ruwa ya koma mata ɗaki. Tun bara waccan take gaya mini, tun ranar da na tare a gidan nan ba ta huta ba, gara wanda ya zauna kafina. Ta ƙirga mini laifuffukan da ni kaina na manta. Ina ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage, a gaban mahaifina.

Na juyo na ga Baba yana murmushi. Ya matso ya tambaye ta da Yarabanci, ita ma ta tsaya tana mamaki, ko da gaske tun bara waccan. Ta ce har ta gaji. Ya ce ta ƙara faɗa masa, ta ƙara. Ya yi mata godiya, ya yi mata addu'a, ta tafi tana waiwaye. Sai ya rufe ƙofa ya jawo jakarsa tsakiyar falo ya kwance. Ga ƙuli-ƙuli, ga yaji, ga busasshiyar kuɓewa, ga hular da Inna ta saya mini. Ya hau doguwar kujera ya miƙe ƙafafu, ya ce, "Kunna mana fankar nan. Kuma ka daina zuba wa baiwar Allah ganye a kwata."

Da la'asar ya ce in sa takalmi. Muka shiga mota zuwa Sabo, amma bai tsaya a layin shaguna ba. Ya ratsa da ni ta wani lungu har bakin wata tsohuwar rijiyar burtsatse, inda samari ke jera jarkoki a kura. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Nan ne shagon." Ga-ruwa ya yi, rani bayan rani, da farko da sanda a kafaɗa, daga baya da kura. Ya ce shekara guda Kaka ta turo ƙanenta, Kawu Idi, ya zo ya gani. Wani Bakatsine mai shagon koli ya ba Baba aron wuri, ya zauna bayan kanta yana fargabar kada mai saye ya tambayi kuɗin abin da bai sani ba. Kawu ya koma ya ba da labari mai daɗi.

Na ce, "Kaka ta sani?"

Ya buɗe tafin hannunsa ya duba. "Hannun mai shago yakan yi laushi kafin rani ya fita," in ji shi. "A shekarar ta fara wannan ƙadangaren nata. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba. Hatsin da na saya da kuɗin ruwa dai ta ci, ta sa albarka."

Muna yara na ɗauka darasin shi ne maƙaryaci ba ya ɓuya. Yanzu ba ƙadangaren nake tunani ba, uwar nake tunani, da nisan da ta taka. Wanda nasa ya yi nisa ba shi da abin riƙewa sai abin da aka gaya masa, ya kuma san wanda ke gaya masa yana jin kunya, yana kuma tausayinsa. To ina zai sa zuciyarsa in ba zargi ba? Baba bai ratso iyakar Ɗan Barto da Kano da ciwon baya don ya kama ni da ƙarya ba. Ya zo ne ya ga irin tsagar bangon da nake kwana, ya san nauyin da zai ɗauka ya yi shiru da shi. Da bai sami tsagar ba, sai ya rasa yadda zai yi da gaskiya, don bai taɓa ganin an kawo ta gida daga ci-rani ba.

Bayan ya koma Inna ta kira ni. Ta ce, "Lawali, wai me ka yi wa matar mutane? Babanku duk wanda ya zo yi masa sannu da hanya, ba ya zancen makaranta, ba ya zancen ɗaki. Sai ya ce an wanke ka tas a gabansa, yana faɗa yana dariya har da hawaye."