Ruwan da Yaya Ta Dama Fura da Shi

Ni tun ina yarinya ba na son banɗaki a cikin ɗakin kwana. A gidan da muka tashi, banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, bayan turken awaki, da takalminsa na shiga da butarsa daban. Shi ya sa da aka buɗe mana ɗakin otal a unguwar Al Buteen ta Dubai, na ga gadon da zan kwanta yana kallon ƙofar banɗaki, sai na tsaya turus a bakin ƙofa.

Mu uku muka zo daga Kano. Da ni, da Yaya wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, da ƙanwata mai saro atamfa da turare, wadda ta san Dubai kamar tafin hannunta. 'Yar ƙaninmu ce ta gayyace mu. Tana aiki a wani ofis a unguwar Al Khabaisi, ta dage sai gwaggwanninta sun zo sun huta. A gida bazara ce, mutane na kwana a waje saboda zafi, can kuwa ta ce nasu zafin bai kankama ba tukuna. Ta kama mana ɗaki a tsohon gari, bakin ruwa, wai don mu ga tarihi.

Tarihin da na fara gani shi ne jan yawu a kusurwar matakala, na masu tauna wani ganye, ya bushe a bango kamar an yanka kaza. Kafet ɗin ɗaki yana warin taba da danshi. A kan matashin kai na tsinci gashi dogo mai santsi, wanda ba na kowa ba ne a danginmu. Na cire shi da tsinken sakace, na shimfiɗa zanina a kan matashin, na shimfiɗa wani a ƙasa kafin in ɗora sallaya.

"Malama ta fara," in ji ƙanwata, mai son cusa Larabci a magana. "Yalla, ki zauna mana. Nan fa Dubai ce, ko najasar tasu goge ta ake yi kullum."

Na saba da bakinta. Ita dai ba ta taɓa maimaita alwala ba a rayuwarta, ni kuwa ina iya yi sau uku in tsaya ina tunanin ko na shafi kunne.

Yaya ba ta taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon, kuma da shirinta ta zo. Ta fito da butarta ta roba, da ƙwarya naɗe a cikin zani, da ludayi, da faifai, sai curin fura da ta kirɓa da hannunta ta daskarar. Ta jera curin a ɗan firij ɗin ɗaki bayan ta kwashe lemukan da ke ciki. Furar Yaya ba irin ta kasuwa ba ce. Da ita ta raine mu. In ka yi rashin lafiya ita ce magani, in ka haihu ita ce barka, in kun yi faɗa ita ce sulhu. Yaya ba ta iya cewa ina son ku ba, sai dai ta dama ta miƙo ludayi. Kuma duk danginmu sun san abin da ya sami matar ƙaninmu, uwar yarinyar nan da ta gayyace mu, da ta taɓa ture ludayin ta ce fura na ɓata mata ciki. Yaya ba ta ce mata komai ba. Ta dai daina shiga gidanta, sai gaisuwa a wurin suna ko ta'aziyya.

Kullum bayan la'asar Yaya kan dama. Ƙanwata ta samo mata wani nonon roba da suke kira laban, Yaya ta ɗanɗana ta ce bai kai kindirmo ba amma za a lallaɓa. Mukan zauna a ƙasa mu kewaye ƙwarya, ludayi na zagayawa. Gaskiya a duk tafiyar nan shi kaɗai ne lokacin da nake jin hankalina ya kwanta, don abinci ne na gida, na kuma san hannun da ya yi shi.

Wata rana da hantsi muka fita ni da ƙanwata, Yaya ta ce gwiwoyinta sun ƙi, mu je. Muka bi ta kasuwar kayan ƙamshi, inda masu shago ke kiranmu da Hausar da suka tsinta, "Hajiya, zo, akwai araha." Muka ga manyan jiragen katako ana loda musu firij da tayoyi da buhuna. Sannan muka shiga ɗan kwalekwalen da ke tsallakar da mutane. An cusa mu a benci ɗaya da maza, wani yana ta kaki yana tofarwa a ruwan. Ruwan kore ne, da maiƙon inji a samansa, ga tsuntsaye farare suna ta kashi a ciki. Muna tsakiya wani kwalekwale ya gifta, ruwa ya fallatso mini a hijabi da gefen baki.

Shi ke nan yawo ya ƙare a wurina. Ƙanwata ta ce ruwan teku ai mai tsarki ne, na ce na sani, amma ba zan yi azahar da kayan nan ba. Ta rako ni har bakin otal ta wuce wurin masu kago, wato masu aika wa 'yan kasuwa kaya gida.

Da na shiga ɗaki Yaya ba ta kan gado. Ƙofar banɗaki a buɗe take. Na leƙa.

Tana tsugune a gaban masai. Ta rufe murfinsa ta ɗora ƙwarya a kai. A hannunta akwai ɗan tiyon nan mai kan ƙarfe da ke rataye a jikin bango, dab da masai, wanda ake tsarki da shi. Tana matsa shi a hankali, ruwa na zuba a kan fura, tana murzawa da ɗaya hannun.

"Kin dawo?" ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Na ce bari in jiƙa ta da wuri, jiya ta yi gudaji. Kin ga wannan famfo? Mai hankali ne. Wancan na wanke hannu ƙwarya ba ta shiga ƙarƙashinsa, wannan kuwa sai inda ka kai shi."

Na riƙe ƙofa. Bakina ya cika da yawu.

"Yaya, ina ruwan gorar da aka kawo?"

"Ya ƙare tun washegarin zuwanmu. Yarinyar nan ta yi ta wahalar saye, ga ruwa a ɗaki? Ta ce mini ruwan garin nan ba ya sa ciwo."

Tun washegarin zuwanmu. Wato duk furar da nake sha ina lumshe ido, daga bakin tiyon nan ruwanta ya fito. Yaya da butarta take shiga, ba ta taɓa sanin aikinsa ba. Ni kuwa na sani, don da shi nake amfani, ina yi ina ƙyanƙyami, ina wanke hannu da sabulu bayan na taɓa shi. Na tuna mai dogon gashin nan, na tuna mai jan yawu, na tuna duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da gudawa ko basir. Na sha ganin kan tiyon ya suɓuce daga maratayinsa yana kwance a jiƙaƙƙen ƙasa.

Na fita baranda na yi ta tofar da yawu a takarda. Amai ya ƙi zuwa. Na sake kaya, na yi azahar, amma ban san me na karanta ba.

Na zauna ina neman mafita. Na ce ko in ce azumi nake yi, sai na tuna da safe a gabanta na ci burodi da shayi, kuma ƙarya da ibada ba abin da zan iya ba ne. Na ce ko in ce cikina ne, sai matar ƙaninmu ta faɗo mini a rai. Na ce ko in yi kamar tuntuɓe in kifar da ƙwaryar, amma gobe ma za ta sake damawa, kuma ni zan ɗauki alhakin zubar da abinci.

Da ƙanwata ta dawo na tare ta a bakin lifta na gaya mata. Ta dafa bango tana dariya har mayafinta ya zame.

"Wallahi Yaya ta gama da mu! Shi ya sa furar ke daɗi."

"Ke komai wasa ne?"

"To me za a yi? Bututu ɗaya ne fa da na wanke hannu. Launi bai canja ba, ɗanɗano bai canja ba, wari babu. Ba ke ce malamar ba?"

Na san wannan tun muna Islamiyya. Zuciyata ce ba ta yi karatun ba.

"Sai ki sha ke nan yau," na ce.

Ta daina dariya. "Ni? Ai likita ya hana ni nono da yamma. Khalas, magana ta ƙare." Ta kama hannuna. "Ki ji, kada ki gaya mata. Matar da ta wanke mana kashi, ki ce ta shayar da mu ruwan masai? Kunya sai ta kashe ta. Ki kurɓi shwaiya, ɗan kaɗan, ki ajiye, gobe in cika ɗakin da ruwan gora."

Na so in bi shawararta. Na riga na sha na kwanaki, kurɓi ɗaya ba zai ƙara komai ba. Ina ta lallashin kaina da haka har aka yi la'asar.

Sai ga yarinyar ta shigo daga aiki, a gajiye, ta cire takalmi ta zube kusa da Yaya.

"Gwaggo Babba, tun safe ban ci komai ba. Ina ta aiki ina tunanin furarki."

Fuskar Yaya ta washe. Ta jawo ƙwarya, ta ɗage faifai, ta zuba laban ta motsa. Ƙamshin citta da kanumfari ya cika ɗaki, ni kuwa warin banɗaki kawai nake ji a ciki. Ƙanwata ta duƙufa a kan waya. Yaya ta cika ludayi ta miƙa wa yarinyar.

In ni ce zan sha, da na runtse ido. Amma ga yarinya ta buɗe baki da yarda, ni na sani, ita ba ta sani ba. In aka tambaye ni gobe kiyama me ya hana ni magana, me zan ce?

"Dakata, 'yata," na ce. "Yaya, don Allah zo ki ga wani abu."

Ƙanwata ta ɗago ta harare ni. Yaya ta mayar da ludayin, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta biyo ni banɗaki. Na tura ƙofa. Wurin ya yi mana kaɗan, kafaɗarmu na gugar juna. Na nuna tiyon da yatsa, ban taɓa shi ba.

"Yaya, wannan ba na ɗiban ruwa ba ne. Shi ne butarsu."

"Butar wa?"

"Ta duk wanda ya kwana a ɗakin nan."

Ta dubi tiyon. Ta dubi masai, ta ga yadda aka kafa shi daidai inda hannun mai zama zai kai. Na ga lokacin da ta gane, don leɓenta na ƙasa ya motsa.

"Har ke?"

"Har ni, Yaya."

"Kika zuba mini ido?"

"Wallahi yau na gani."

Ta juya ga famfon wanke hannu ta ɗauki sabulu. Ta wanke har gwiwar hannu, ta ɗauraye, ta sake. Ta kurkure baki ta tofar, ta sake kurkurewa. Ina tsaye a bayanta ina kallon ƙeyarta, furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Na so in ce ta yafe mini, amma ban san laifin da zan ambata ba.

Da muka fito ta ce wa yarinyar, "Furar nan ta yi tsami, ba ta shawuwa."

"Gwaggo, ai ni mai tsamin nake so."

"Na ce ba ta shawuwa."

Ta sa hijabi ta ɗauki ƙwaryar. Abinci ne, ba za ta zuba shi a masai ba. Na ce in riƙe mata, ta kauce. Na bi ta a baya har ƙasa, muka shiga wani lungu a bayan otal inda wata bishiya ta fito a gefen bango. Ta yi bisimilla ta juye a gindinta. Ƙwaryar ta daɗe a hannunta, har ta yi baƙi, da ɗinki a gefe inda ta taɓa tsagewa. Ƙwarya kuwa shan ruwa take yi, wanki ba ya fitar da abin da ya shige ta. Ta kife ta a gefen kwandon shara, ta ɗora ludayin a kai, ta juya.

Sauran kwanakin mun je kasuwar zinariya, mun ci shinkafa da rago a gidan yarinyar, mun ɗauki hotuna a gaban tsofaffin gidaje masu dogayen hasumiyoyi. Ƙanwata ta cika ɗaki da ruwan gora kamar yadda ta ce. Yaya ba ta sake damawa ba. Ragowar curin ta ba yarinyar ranar da za mu taho.

Ba ta daina shiga gidana ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Bayan mun dawo da ɗan lokaci na je gaishe ta, na tarar ta kirɓa sabuwa, jikokinta sun kewaye wata sabuwar ƙwarya. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta tambayi maigidana da yara. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da curi huɗu a leda ta ajiye a cinyata.

"Yaya, a dama mini a nan mana," na ce.

"Kai gida ki dama," ta ce. "Kin fi ni sanin ruwa."