Ayabar auta da ƙwayar Inna

Shekarun baya, da hawan jini ya kama mahaifiyata, ni ne mai kula da maganinta. Tsarina ɗaya ne. Bayan sallar asuba in shiga ɗakinta, ta karya, in miƙa mata ƙwaya, in tsaya har ta haɗiye. Ƙarshen wata in ɗauke ta a babur daga Roni zuwa asibiti a Kazaure. Ni ne ɗan fari, don haka ko sunana ba ta kamawa, balle ta yabe ni. Na san kara ce, amma sanin bai hana ni jin zafi ba.

Wata Juma'a autanmu ya zo da ayaba cike da leda, ya kunna mata wata murya a wayarsa. Wai likita ne, wai ayaba biyu kullum sun fi duk ƙwayar asibiti. Daga ranar, duk wadda ta shigo gaisuwa sai Inna ta ce, "Autana ne ya samo min magani, Allah ya yi masa albarka."

Na san maganar wayar nan ba ta da tushe. Maimakon in faɗa, sai na sayo ayabar da ta fi tasa girma, ni da furfurata. Inna ta duba ta ce, "Ajiye can kusa da ta auta."

Haushi ya sa na daina shiga da ƙwaya. Na ce a raina, to ayabar auta ta yi aikin mu gani.

Bayan sati uku jiri ya kayar da ita a tsakar gida. A asibiti malamar jinya ta auna ta, ta girgiza kai.

"Hajiya, ayaba abinci ce mai kyau, tana sa ƙarfi, tana gyara ciki. Amma ba ta zama madadin magani. Wa ya ce ki daina?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Yaya, laifina ne."

Inna ta ce, "Ni na daina da kaina." Ba ta dubi inda nake ba.

Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, na koma kan tsarina. Har yau in ta sa wa auta albarka sai in kau da kai, ban warke sarai ba. Amma shi ƙarya ya ji ya yarda, ni kuwa na san gaskiya na yi shiru. Ya daɗe yana ɗauke da laifin shi kaɗai, ban taɓa gaya masa ni na daina kai mata ƙwaya ba. Na san yana karanta abin da nake rubutawa a nan. Auta, rabin kayan nawa ne, sauke.