Wanda Ya Riga Ni Zuwa

Sana'ata aski, kuma mai aski yana da gatan da ko alƙali ba shi da shi. In mutum ya zauna ka ɗaura masa ƙyalle a wuya, ba inda za shi sai ka gama. Shagona yana Yelwa a Bauchi, kusa da jami'a, inda ɗalibai daga kowace kusurwa suke haya. Ni kuwa Allah ya jarrabce ni da son jin ma'anar suna. Kafin in taɓa kanka na tambaye ka sunanka, kafin in kai ƙeya na tambayi dalilinsa.

Da haka na yi karatun da ban biya ko sisi ba. Wani Bayarabe ya ce nasa na nufin uba ya dawo, don an haife shi ana zaman makokin kakansa. Wani yaron Ibo, mai gashi kamar soson ƙarfe, ya ce nasa roƙo ne, wai "mutuwa, don Allah ki yi haƙuri," saboda 'ya'yan da uwarsa ta binne kafin shi. Na ce masa ai mu ma muna da irinsa, Ajuji, wanda ake ajiyewa a kan juji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ya yi dariya har na kusa yanke masa kunne. Na lura kowace ƙabila tsoronta ɗaya ne, yaren ne kawai ya bambanta.

Nawa sunan ne kaɗai ban taɓa bincika ba. Ina da na yanka, amma kowa Sambo yake kirana. Mu Fulanin gari ne na Ƙofar Wambai, irin waɗanda Fulatancinsu ya ƙare a gaisuwa. Na ɗauka Sambo suna ne kawai, kamar yadda tebur yake tebur.

Wata rana wani dattijo Bafulatani ya zo duba ɗansa a makaranta, ya shigo a gyara masa gemu. Ya ji maƙwabcina ya kira ni, sai ya tambaya cikin fara'a, "Sambo, yayanka fa? Yana nan garin?"

Na ce, "Baffa, ai ni ne babba a ɗakinmu."

Ya dube ni ta madubi. "A wajenmu ɗa na biyu ake ce wa Sambo. Na fari Dikko ne." Da ya ga hannuna ya tsaya, sai ya ce wataƙila sunan wani na ci.

Na so in yarda da hakan, amma babu wani Sambo a danginmu. Sai kuma wani abu ya faɗo mini. Iyayen abokaina ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ba ta barin su. Sai dai su ce "wannan yaron," ko "kai." Innata kuwa tun ina ƙarami take ƙwala mini kira da sunana har a ji a zaure, ta zaunar da ni ta yi ta hira da ni. Ni da wautata na ɗauka wayewa ce.

Abin ya tsaya mini a rai. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ƙannena ba su san komai ba, Inna kuma ta tsufa ƙwarai. In har akwai wanda ya riga ni, ita kaɗai ta rage da sunansa, kuma in ta tafi ta tafi da shi. Gaskiya tsoro ya kama ni, irin wanda ban san ina da shi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na hau keke zuwa gida. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na yi ta kewaye-kewaye da zancen tsadar kaya, har ta ce, "Sambo, faɗi abin da ya kawo ka."

Na ce, "Inna, wa ya riga ni?"

Ba ta ɗago ba. Ta tsince wake mai yawa kafin ta yi magana. Ta ce a rugarsu ta haife shi, lokacin da ta je goyon ciki gidan iyayenta. An yanka rago, an raɗa suna, amma bai kai arba'in ba. Ta dawo Bauchi hannu sake. Ɗan fari ne, ba ta da bakin yin kukansa a gaban mutane, balle ta ba da labarinsa.

"Mene ne sunansa?"

Ta harare ni, tsohuwa da jikoki cike da gida, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Kai ba ka da ta ido? A bakina kake son ji?"

Na ce ba don komai ba ne, ina so in riƙa sa shi a addu'a, kuma ba na so sunan ya ɓace. Ta daɗe tana juya faifan a cinyarta. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Sunan Annabin da kifi ya haɗiye."

Na ce, "Yunusa."

Hannunta ya tsaya cak a cikin waken. Na ji kunya ta kama ni, na yunƙura zan ba ta haƙuri, sai ta riƙe bakin rigata. Har lokacin ba ta dube ni ba.

"Sake faɗa," in ji ta. "Tun ranar suna ban ƙara jin an kira shi ba."