Injin Jirgin Ruwa da Raken Kawu Sale

Talata: Kudan zuwa Zariya

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na saɓi buhuna na bi ta bayan gari, don kada in yi ido huɗu da Kawu Sale. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, ni kuwa ina magatakardan ƙungiyar manoman rake ta Kudan, saboda ni ne mai karatun boko a cikinsu. Ni na ga sanarwar gwanjo a jarida, ni na matsa aka sayo injin wuta da aka ciro daga wani tsohon jirgin ruwa a Baro, don ya riƙa juya mana abin matsar rake. Na tsaya gaban dattawa na ce aikin da doki ke yi a mako, wannan zai gama shi a yini biyu. Har masu matsa da doki na sallama, na ce bana su nemi aiki a Taba da Makarfi.

Kawu Sale, wan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya fara gaskata ni. Asabar da Lahadi ya sa aka sare rakensa kaf, abin da ya yi shekara yana wahala a kai, aka jibge a bakin rumfar injin. Litinin muka tada shi. Ya yi ruri na minti ashirin, mata na guɗa, sai warin ƙonewar roba ya tashi, ya yi tari biyu ya mutu. Makanikin mota ya buɗe, ya ciro wani ɗan famfo da robar cikinsa ta ƙone, ya ce shi dai bai taɓa ganin irinsa ba. Rake kuwa in ya yi mako a sare ruwansa ya yi tsami, mazarƙwaila ba za ta daskare ba. Famfon nan ne a buhuna, tare da littafin kamfani mai adireshin wakilinsu na Zariya.

Na sami motar gyaɗa a bakin hanya, sule da sisi, zama a kan buhuna. Ƙarfe bakwai da minti goma 'yan doka suka tsayar da mu a Hunkuyi. Na nuna takardar haraji, sai ɗaya ya zunguri buhuna da kulki.

"Mene ne a ciki?"

"Famfon jirgin ruwa ne, yallaɓai."

"Daga ina?"

"Daga Kudan."

Ya kira ɗan'uwansa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To ina ka ɗaure jirgin, ko a turken jaki?" Suka yi dariyarsu suka ƙoshi, sannan ya ce in wuce, Allah ya ba ni lafiya.

Tara da rabi muka shiga Sabon Gari, tafiyar kamar mil ashirin. Ofishin wakilin kamfani yana da fanka, da hoton wani ƙaton jirgi a bango, da akawu guda ɗaya wanda ya sa na jira awa biyu yana feƙe fensir. Da ya ga dama ya jawo takarda.

"Sunan jirgi?"

"Babu jirgi, Malam. A rumfa yake."

"Dole a cike gurbin. Sunan jirgi?"

Na ce ya rubuta Kudan. Ya rubuta. Ya tambayi tashar da jirgin ke kwana, na ce bayan masallacin Juma'a. Ya tambayi sunan kyaftin, na ce Kawu Sale, shi ma ya rubuta, ko murmushi bai yi ba. Na ce ina son ganin Baturen kamfanin. Ya ce Bature ya tafi hutu ƙasarsu. Na ce to a sayar mini da robar famfo. Ya ce ba sa ajiye kayan jirgi a Zariya, tunda babu jirgin ruwa a Zariya. Sai an rubuta Ikko, Ikko ta rubuta Ingila, wata uku in teku ta yi lafiya.

"Malam, rake yana ƙasa, yau kwana uku. Ka gaya mini ko abin da ya ƙona ta."

Ya buɗe littafi, ya bi da yatsa. "An ce a tambayi injiniyan jirgi."

"Ba mu da shi."

"To ka ga matsalarku ke nan. Mu injin muke sayarwa, ba rake ba."

Na fito raina a ɓace, har ina jin zan iya kuka a titi. Amsar Ingila kuwa ta zo bayan wata huɗu, a takarda mai kyau ƙwarai, suna shawartar Kyaftin Sale ya sa a nutse a duba ko ciyawa ta toshe ƙarƙashin jirgi. Na kwana a Tudun Wada gidan wani abokin karatuna. Tuwon dawa da miyar kuka na taro na saya, rabi ma ban iya ci ba.

Laraba: Makarfi zuwa Ikara

Na ce tunda ranar kasuwar Makarfi ce, motoci daga ko'ina za su taru, ba za a rasa makanikin da ya san abin ba. Mun tashi shida da rabi, muka isa tara saura minti ashirin, sule biyu. Abin da na fara cin karo da shi mazarƙwaila ce, tuli tuli, ja wur, duk ta masu doki da na sallama. Ɗaya ya gane ni, ya ɗaga murya ya ce, "Magatakarda, yaya jirgi?" Na yi kamar da wani yake.

Makanikai huɗu suka duba famfon. Na farko ya ce na keken ɗinki ne. Na biyu ya ce in bar masa ya narka ya yi mini wani. Na uku ya hura shi ya kara a kunne. Na huɗu mai gaskiya ne, ya ce bai sani ba. Ina zaune a rumfar mai fura, na sayi ta kwabo biyu, sai wani direba mai suna Tanko, ɗan Ikara, ya ɗauki famfon ya juya.

"Kai, ai Baba Yohanna za ka kai wa. Mutumin Kagoro ne, yana noma a Janfalan. Shekara ashirin ya yi a cikin injin jirgin ruwa tsakanin Lakwaja da Yola. Har yanzu in yana magana ihu yake yi, ƙarar injin ta cinye masa kunne."

Motar Tanko ba ta tashi ba sai da kasuwa ta watse, ƙarfe huɗu da kwata. Mil talatin ba su cika ba, amma muka yi awa biyu da rabi, don an cika ta da gishiri da awaki da mutane, kuma duk gangare sai Tanko ya kashe injin don tsimin mai. Ya sauke ni a zaurensa a Ikara, matarsa ta aiko da dambu. Kirkin Tanko ya wuce tuƙinsa nesa ba kusa ba.

Alhamis: Janfalan

Na yi hayar keke sisi, na fita ƙarfe shida. Sarƙa ta zame sau uku, na isa takwas da rabi da baƙin mai har gwiwar hannu. Na tarar da Baba Yohanna a gonar barkono, ɗan tsamurmurin tsoho da tsohuwar hular ma'aikatan jirgi. Na durƙusa muka gaisa, gida, iyali, gajiya, sanyi, duk da ƙarfi kamar muna faɗa. Sannan na miƙa masa famfon. Bai ko duba ba, sansanawa ya yi.

"Ƙishirwa ta kashe shi! Akwai wani baƙin tiyo mai kauri a gefen injin. Ina kuka sa bakinsa?"

"Mun ɗaure shi a saman rumfa, Baba."

"A ina?"

"A saman rumfa! Saboda awaki, kada su tauna."

Tsohon nan ya zauna daɓas a kan kunya, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, don da hannuna na ɗaure tiyon, har na yi masa ƙulli biyu.

"Ɗana, ba ku ba shi ruwa ba?"

"Mun zuba masa ta sama, Baba, kamar na mota."

"Mota daban! Mota ka ba ta tulu ɗaya ta yi ta juya shi har Kano. Wannan a kogi aka haife shi. Ta tiyon nan yake zuƙar ruwa, ya huce, ya fitar ta wancan gefe, bai tsayawa. Kun kai shi tudu kun rataye masa baki a sama. Littafin bai faɗa ba?"

Na ce littafin bai faɗa ba. Ya ce ai ba zai faɗa ba, wanda ya rubuta bai taɓa zaton akwai mai ɗaukar injin jirgi ya kai Kudan ba. Na tambaye shi inda zan sami robar. Ya ce in manta da roba, in manta da famfon ma. Ya tambaya ko muna da rijiya a fadama, da jigo, da duro. Na ce akwai. Ya ce to a kai injin can, a ɗora duro a kan gwafanni sama da shi, a sa tiyo a gindin duro, mutum ya tsaya a jigo yana zubawa, ruwa zai gangaro da kansa.

Na roƙe shi ya bi ni, don na daina yarda da kaina. Matarsa ta ce ba inda za shi, ga barkono ya nuna. Sai na gaya musu maganar Kawu Sale da rakensa, da cewa shi ya riƙe ni. Ta ce ya je, amma ran Lahadi ta gan shi a coci. Na goyo shi a keke muka koma Ikara, muka tarar motar ranar ta riga ta tafi. Kwana ɗaya ya sake tafiya a banza.

Juma'a da Asabar: Ikara zuwa gida

Bakwai daidai muka tashi da Tanko, taya ta fashe kafin Makarfi, muka isa sha ɗaya. Babu motar Kudan sai bayan masallaci. Ƙarfe biyar saura kwata muka sauka a gida. Tun daga nesa na ji warin tsami, ƙudan zuma sun rufe tulin raken. Kawu yana zaune a gefe kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ce, "Audu, ka dawo? Sannu da hanya." Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Asabar da sassafe ƙarti goma sha biyu suka ɗauki injin a kan itatuwa zuwa fadama, Baba Yohanna na gaba yana ihu. Aka kafa gwafanni, aka ɗora duro, aka sa mutum a jigo. Sha ɗaya da minti biyar aka tada shi. Ya yi minti ashirin, kowa ya zuba masa ido. Ya yi awa ɗaya. Ruwan ɗumi na fita ta ɗaya gefen yana bin lambun albasar wani, mai lambun har da godiya. Injin Ingila guda, ga shi jigo na shayar da shi kamar tumatir.

Aka kwaso abin matsa da raken Kawu zuwa fadamar, aka matse, aka dafa. Na ƙasan tuli, wanda rana ba ta buga ba, ya daskare. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ya tsaya a kasko baƙi, mai yauƙi, ya ƙi kamawa, duk yadda aka yi da wuta. Abincin gidansa na shekara ke nan, kuma kowa a wurin ya san bakin wa ya jawo.

Kawu ya ɗauki curin farko mai kyau ya ba Baba Yohanna da hannu biyu. Sannan ya ɗebo wanda ya ƙi daskarewa a ƙoƙo, ya miƙo mini a gaban jama'a.

"Karɓi, Audu. Wannan naka ne."

Na kafa kai na shanye tas. Tsami ya kama mini muƙamuƙi, hawaye suka zubo, ba duka na tsamin ba ne. Ya karɓi ƙoƙonsa ya kife.

"Baɗi ma zan kawo rakena wurin injinka," in ji shi. "Amma ni zan faɗi ranar sara."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Tanko da matarsa, da Baba Yohanna, wanda na raka har mota da la'asar don kada matarsa ta neme shi a coci ta rasa. Kamfani kuwa ba na cikin masu shan godiya. Kawu Sale kam ban san kalmar da zan gode masa da ita ba, shi ya sa ran Lahadi da aka fara matsar raken maƙwabta, na ajiye alƙalami na kama jigo har rana ta faɗi.