Garin da Ke Miƙa Maka Tsintsiya

A saman soron gidanmu na unguwar Mansur a Makka kakata take hura kurfotinta na gawayi. Da an idar da magariba sai ta hau da ƙullun ƙosan da za ta sayar wa masu dawowa daga aiki, mu kuma jikokinta mu kewaye gawayin kamar ana sanyi, alhali zufa ce ke bin wuyanmu. Iyayenmu mata suna gidajen Larabawa suna aikatau, ba sa dawowa da wuri. Daga can sama ana hango hasken Harami ya haske gindin sama, a ƙasa kuma motoci na ta ƙaho. Mu 'ya'yan Makka da Larabci muke kiranta Sitti, ita kuwa ta tsani sunan nan. Ta ce ba ta ƙetaro teku don a mayar da ita Balarabiyar dole ba, a ce mata Kaka.

Bakatsiniya ce. Mijinta Malam, wanda ya rasu kafin a haife ni, Bazazzagi ne. Tare suka zo hajji suka zauna babu takarda, kuma tare suka taho da gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba: tsakanin Katsina da Zariya, wane gari ne gidan ilimi? Malam ya mutu ya bar ta da gardamar, sai ta ci gaba da yinta ita kaɗai. Ta ce a Katsina malamai sun yi karatu a gindin Gobarau tun Zazzagawa ba su san alli ba. Ta ce Katsinawa akwai kunya da iya karɓar mutum, ga fura mai kauri, ga sarari ka ga ƙarshen gari. Sai kuma tana juya ƙosai ta amsa wa kanta da muryar Malam, cewa a Zariya kowane zaure makaranta ne, ga ruwan sama, ga inuwar mangwaro, kuma mutum daga ko'ina yake sai ya samu wanda zai karantar da shi. Mu da ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba, muna jin su kamar sunayen taurari.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ma ta garuruwan nan ce. Takan fara da cewa, "Ga ta nan tahe, mai barci shi tashi."

Wai wa da ƙane ne suka fita neman ilimi, suka iske hanya ta rabu biyu, kowa ya ɗauki ɗaya. Wan ya isa wani gari inda tun daga ƙofa aka karɓi kayansa. Aka shimfiɗa masa buzu a gaban malam, aka kawo masa tuwo da naman kaza. In ya ɗauki tsintsiya sai a fizge, a ce baƙo ba ya shara. In aka yi rasuwa ya miƙe zai bi masu haƙa kabari, sai a ce ya zauna a inuwa. Ya yi karatu mai yawa, gemunsa ya yi fari, amma kullum da safe in an gaishe shi sai a ƙara da tambayar mutanen gida.

Ƙanen kuwa garin da ya shiga ko kallonsa ba a yi ba. Wata tsohuwa ta miƙa masa tulu ta nuna masa rijiya. Da ya sami malam, sai malamin ya ce ya tuɓe riga ya hau yaɓen soro kafin damina. Ya sha faɗa, ya sha aike, hannunsa ya yi kanta, har ya riƙa kuka yana cewa da ya sani da ɗaya hanyar ya bi.

Bayan shekaru wan ya zo ziyara. Ya shiga unguwa yana tambayar baƙon nan da ya zo karatu. Kowa ya ce babu wani baƙo a nan. Sai da ya ambaci sunan ƙanensa tukuna tsohuwar ta yi dariya ta ce ai wannan ɗan gida ne, yana bayan gari suna haƙa kabari.

A nan Kaka take tsayawa ta ce, "Ta ƙare, kowa shi nemi tabarmarshi." Mu kuma mu dame ta da tambaya, wanne ne Katsina, wanne ne Zariya? Amsarta ba ta tsayawa wuri guda. Ran da ta tuna Malam da daɗi, Zariya ce garin ƙanen, mai miƙa maka tsintsiya. Ran da ta tuna wani laifinsa, sai ta ce Katsina ce. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin rikicin tsufa. Sau ɗaya na tambaye ta, to Makka fa? Sai kawai ta ɗaga ƙosai daga mai ta tsane shi.

Yau Kaka tana kwance a ƙasar Makka, a kabarin da ba zan iya nuna shi ba. Mijina ma ya rasu, ya bar ni da ɗa ɗaya, Anas. A nan aka haife ni, a nan na haife shi, kuma dukanmu babu mai iƙama, wato takardar zama. Yaron ya tashi da son karatu kamar kakana Malam, amma wanda ba shi da takarda ba ya wuce inda aka tsayar da shi. Ina kallonsa yana tura keken tsofaffin alhazai a unguwar Misfala da littafi a aljihu, raina na ƙuna. Hanya ɗaya ta rage, ya tafi Najeriya ya gyara takardun makaranta ya nemi jami'a. Kuma mun san duk wanda ya fita a irin halinmu, an ɗauki zanen yatsunsa, dawowa sai wani ikon Allah.

Garuruwan biyu duk suna da jami'a yanzu, kuma duk ina da dangi a cikinsu. Na kira na Katsina, dangin Kaka. Suka yi murna har da guɗa, suka ce ɗan Makka guda, za a gyara masa ɗakinsa shi kaɗai, ko cokali ba zai ɗauka ba. Na ji daɗi har hawaye ya zo mini. Sannan na kira Gwaggo Asabe a Zariya, 'yar ƙanen Malam. Ta ce to, ya zo, akwai katifa a ɗakin samari, amma in gaya masa a gidanta kowa yana da ranar ɗiban ruwa.

Zuciyata Katsina ta so. Wace uwa ce ba ta son a riƙe ɗanta kamar ƙwai? Kuma in faɗi gaskiya, na san wanda aka riƙe a matsayin baƙo kullum idonsa yana kan hanyar komawa, ni kuwa ina so idonsa ya zauna a kaina. Na yi kwanaki ina juya abin. Sai na tuna ni ma a garin da ya fi kowane gari iya karɓar baƙi na yi rayuwata duka, ina shan ruwansa ina salla a masallacinsa, amma in na hango motar masu kame sai na shige lungu. Na ce wa Anas Zariya za shi.

Watannin farko kullum ƙorafi yake. Ya ce, "Ya ummi, wallah mutanen nan ba su da tausayi. Suna dariyar Hausata, kuma jarka biyu nake ɗauka." Ina lallashinsa, in kashe waya in yi kuka. Daga baya ya sami gurbin karatu, ƙorafin ya ragu, kiran ma ya ragu. Ya je Katsina hutu, ya ce an yanka masa kaji, an kai shi ya ga Gobarau, gari ne mai daɗin ziyara. Ya ce amma ya matsu ya koma gida. Na yi kamar ban ji kalmar ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira wayarsa ba ta shiga, sai na kira Gwaggo Asabe. Bayan gaisuwa na ce mata, "Gwaggo, ina baƙon naku?"

Ta ce, "Wane baƙo kuma?"

Na ce Anas.

Ta ce, "Au, Anas. Ai maƙwabcinmu ne ya rasu, suna maƙabarta tun safe, shi ke riƙe da diga. In ya dawo na ce ya kira ki."

Na yi mata godiya, na ce Allah ya jiƙan mamacin. Abin da na roƙa wa ɗana ke nan, kuma an ba ni. Da magariba na hau saman soro na hura kurfotin Kaka, ko da yake ba ni da abin soyawa. Na zauna a gefen da take zama, wayar tana kan cinyata, har gawayin ya zama toka.