Hallbera Ta Zo Neman Suna

Ketill Ármannsson bai taɓa yin mafarkin da ya tuna ba. In ya kwanta sai ka ce an jefa dutse a rijiya, da safe ya tashi kansa fayau. Amma a garinmu na bakin teku, can arewa maso yammacin Iceland, in aka ce "mai labaran mafarki" shi ake nufi, domin kusan duk gajerun labaran da ya rubuta daga mafarki suka fito. Mafarkin dai ba nasa ba ne, na matarsa Hallbera ne.

Aikinsa na ainihi raba wasiƙu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar gidan waya daga wannan gona zuwa waccan, ana ba shi kofi a kowane ɗakin girki, shi kuma yana baza kunne. Mutum ne mai shiru-shiru, irin wanda ake mantawa yana zaune a saki baki. Abin da ya ji a gidan wani kan fito a jaridar Kirsimeti ta yankinmu, an canza sunan maigida, an canza launin kare. Tsofaffin da yake shiga kwamin ruwan zafi da su da safe, a wurin ninkaya na gari, sun san halinsa sarai. Da ya tsoma ƙafa sai Hrólfur, tsohon matuƙin jirgin kamun kifi, ya ce, "To, a kama baki, ga ɓarawon zance ya iso." A yi dariya, sannan a ci gaba da hirar da ƙarfi, don kowa na son ya ga kansa a jarida.

Tsegumin gari dai gishiri ne kawai, miyar daga Hallbera take fitowa. Tana dama kunun safe tana ba shi labarin abin da ta gani: tumaki suna kiwo a kan teku, kakanta ya dawo neman hularsa, coci ya cika da kifi. Shi kuma ya ƙara nan ya rage can. In ta karanta a jarida sai ta ce, "Kai Ketill, ba haka na gani ba." Ya ce ai mafarki ba shi da kai ba shi da gindi, sai an yi masa. Ba ta taɓa jin haushi ba, don ta san gobe ma wani zai zo.

Cikin hunturu ciwo ya kwantar da ita. 'Yarsu tilo, Sólrún, tana koyarwa a Reykjavík, babban birnin ƙasar, a lokacin. Ta bugo waya tana tambaya ko ta taso, Ketill ya ce mata jikin da sauƙi, ga ƙanƙara ta rufe hanya, ta bari sai ƙarshen mako. Ba ƙarya ya shirya ba, shi ne kawai ba ya son yarda da abin da idonsa ke gani. Hallbera ba ta kai ƙarshen makon ba. Sólrún ta iso ta tarar da gawa, kuma daga ranar babu wanda ya sake tayar da zancen wayar nan tsakanin uba da 'ya.

Daga nan rijiyar Ketill ta ƙafe. Kirsimeti ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, babu sunansa a jarida. Yakan zauna gaban takarda har kofinsa ya huce. Ya gwada cin busasshen kifi da man shanu kafin ya kwanta, don an ce yana kawo mafarki, bai samu komai ba sai ƙishirwa. A nan ya gane abin da ya daɗe yana kauce wa sani, cewa shi magatakarda ne kawai, mai labarin ta tafi.

Bayan shekaru Sólrún ta dawo gari da mijinta Viggó, ta kama aiki a makarantarmu, har ta samu ciki. Wata Lahadi ta zo gidan uban tana wanke masa kofuna, ba ta ko juyo ba ta ce ta ga Mama a mafarki. Wai Hallbera ta shigo da takalmin roba jiƙe sharkaf, tana dariya, ta tambaya ko akwai ɗan lungun da za a ba ta ta zauna. Sólrún ta nuna mata ɗakin baƙi, uwar ta ce a'a, nan kusa da ke nake so.

Ko yaro a garinmu ya san fassarar wannan. In mamaci ya zo wa mai ciki yana neman masauki, suna yake nema, kuma tsofaffi sun ce ba a hana shi. Ketill ya zauna a kujera. Za a sake kiran Hallbera a gidan nan, a ce Hallbera zo ki ci abinci, Hallbera sa hularki.

"Baba, kai kaɗai na gaya wa," in ji Sólrún. "Ko Viggó bai sani ba. Ka riƙe mini shi har ranar baftisma."

Ya yi alkawari, kuma har zuciyarsa ya yi. Amma hali zanen dutse. Mutumin da ya shekara da shekaru cikin fari aka ajiye masa tulu a gaba. Ya ce wa kansa zai rubuta ne kawai ya ajiye, don kada ya manta. Da ya rubuta sai ya ga labarin ba ya tafiya, uwa ta zo tana dariya, 'ya ta yi murna, sai me? Labari na son ƙaya. Sai ya cire dariyar. A nasa labarin uwar ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga takalminta, fuska a murtuke, ta ce wa 'yar, "Na kira ki ba ki zo ba, to ni ga ni na zo." Uban da ya ce a bari sai ƙarshen mako kuwa, babu shi a labarin ko a layi ɗaya. Ya lura da hakan, ya kuma bar shi haka, don ya fi daɗin karantawa.

Tun da yake rubutu bai taɓa yin mai kyan wannan ba, kuma ya sani. Abin da ya kai shi ga aikawa ke nan. Ya canza sunaye kamar kullum, ya mayar da malamar makaranta ma'aikaciyar jinya, ya lallashi kansa cewa babu mai ganewa, a garin da kowa ya san lambar takalmin kowa.

Washegarin ranar da jarida ta fito, ya shiga kwamin ruwan zafi babu wanda ya tsokane shi. Can Hrólfur ya share gemu ya ce, "Tsohon banza, ka sa matata kuka jiya. Ashe ƙaramar Hallbera muke jira." Wani ya ce shi dai Sólrún ya tausaya wa, ashe uwar ta tafi da ita a zuci. Yabo ne suke yi masa, shi kuwa ji yake kamar ruwan ya huce. Ya fita bai gama zamansa ba.

Ya sami Sólrún a gida tana ninke kayan jarirai. Ya zo da jawabi a baki, cewa labari labari ne, ba ita ake nufi ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ba ta ma ambaci wayar ba, ko da yake dukansu biyu sun san tana nan zaune tsakaninsu.

"A nawa mafarkin dariya take yi, Baba," ta ce. "Yanzu in na rufe ido don in tuna, fuskar da ka ba ta nake gani. Na neme ta da dariyar na rasa. Mama tana da mafarki dubu, in ka ɗauki ɗaya ba ta ji. Ni wannan kaɗai gare ni."

Ya taya ta ninke wasu 'yan riguna, ya ninke su ba daidai ba, ta karɓa ta gyara.

Aka haifi mace cikin bazara. Kamar yadda muka saba, sunan ya zauna a ɓoye har ranar baftisma, ana kiranta 'yar ƙarama kawai. Sólrún ba ta yanke hulɗa da ubanta ba. Tana kawo masa jikar, tana barinsa ya yi mata wasa, shi kuma yana auna kowace kalma tata kamar mai duban sararin sama kafin fita teku. Wata rana ya ce ta huce, wata rana ya ce ina. Tambayar sunan kuwa bai isa ya yi ba. Da ta ce shi take so ya riƙe jaririyar a gaban fasto, ya koma gida da ƙarfin zuciya, har ya kai kwat ɗinsa wanki.

A falon gidansu aka yi, da kwanon ruwa a kan tebur da kek ɗin suna a rufe a ɗakin girki. Dangi sun cika, har Hrólfur da matarsa, kowa da murmushin wanda ya riga ya san amsa. Wanda ya riƙe jariri shi ke faɗin suna, don haka da fasto ta buɗe littafinta, Sólrún ta matso ta raɗa wa ubanta a kunne. Ta gyara wa 'yar wuyan riga, ta koma kusa da mijinta ta tsaya.

Fasto ta tambaya, "Mene ne sunan yarinyar?"

Ketill ya dubi jikarsa. Goshin na Hallbera ne, babu ko tantama. Aka jira shi har fasto ta ɗago kai daga littafin.

"Eyrún," ya ce.

Sunan ba na kowa ba ne a dangin uwa ko na uba. Matar Hrólfur ba ta ji da kyau ba, ta tambaya wai me ya ce, dole ya sake faɗa da ƙarfi.